Kan mutum-mutumina bai san inda yake kallo ba, ina mafita?

Sadik Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Ina haɗa wani ɗan mutum-mutumi a gida, gangar jikinsa katako ne, kansa kuma robar bokitin fenti ce na yanke. A kan na ɗora HC-SR04 mai auna nisa da kyamarar ESP32-CAM. Abin da ke juya kan shi ne ɗan moton nan mai taku, 28BYJ-48, da allonsa ULN2003, Arduino Uno ke ba shi umarni. Matsalata ita ce kan bai san inda yake kallo ba. Duk inda fuskar take lokacin da na kunna, nan ne sifili a wurinsa. In aka ɗauke wuta yana kallon bango, da an dawo da ita bango ya zama gabansa. Jiya ƙanena ya riƙe kan yana tsakiyar juyawa, da ya sake shi sai ya ci gaba da aiki a karkace har ya murɗe wayoyin kyamarar suka tsinke. Me zan ƙara masa?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Kai ma da neman wahala. Ka cire moton nan ka sa sarbo MG996R, moton nan da ake faɗa wa kusurwa ya je can ya tsaya, ka rubuta masa digiri 90 ya tsaya a 90. An gama, a rufe zauren.

Sadik Ɗorayi:
Na yi tunanin haka, amma sarbo digiri 180 kawai yake yi. Ni so nake ya iya waiwayawa bayansa.

Ɗan Auta:
To ka sayi mai 360 mana, suna nan a kasuwa.

Injiniya Maryam:
Ɗan Auta kada ka sa yaro ya yi asarar kuɗinsa. Wanda ake rubuta wa 360 ɗin nan galibi an raba shi da abin da ke gaya masa matsayinsa. In ka aika masa 90 tsayawa zai yi, in ka aika 120 sai ya yi ta juyawa ba iyaka. Gudu kake ba shi umarni a kai, ba kusurwa ba. Wato ya fi wanda Sadik ke da shi makanta.

Kuma ko sarbo na gaskiya mai 180 akwai abin lura. Shi ya san inda yake, amma ba ya gaya wa Arduino. Wayoyi uku gare shi: wuta, ƙasa (wato nagatif), da ta umarni, babu wadda ke dawo da labari. Kuma da ka kunna, umarnin farko da ya samu fizga zai yi da dukkan ƙarfinsa zuwa wurin. Kai mai nauyin kyamara, wannan fizgar ba za ta yi masa daɗi ba.

Malam Habu Mai Rediyo:
Salamu alaikum yara. Na ga ana ta lissafa sunayen kaya masu tsada. Sadik, ka buɗe sarbo ka taɓa gani? Babu wani asiri a cikinsa sai ƙaramin moto, giyoyi, da boliyam irin na rediyo. Boliyam ɗin ne idonsa. To me zai hana ka ɗauki boliyam mai 10k ka haɗa sandarsa da wuyan mutum-mutuminka? Ƙafar gefe ɗaya a bolt 5, ɗayar a ƙasa, ta tsakiya ka kai ta ƙafar A0 ta Arduino. Kan na juyawa, lambar na canzawa daga 0 zuwa 1023. A ɗauke wuta kwana bakwai, da ta dawo zai faɗa maka inda yake, domin abin a jikin ƙarfe yake, ba a ƙwaƙwalwa ba. Amma ka ce wa mai shago mai harafin B kake so, B10K. Mai harafin A na sauti ne, ba ya tafiya daidai wa daida, farkonsa a hankali ƙarshensa da gudu.

Ɗan Auta:
Baba Habu ya zo da fasahar zamanin rediyo mai batir shida.

Malam Habu Mai Rediyo:
Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Sarbon da kake yabo ɗin me ke cikinsa?

Injiniya Maryam:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma shi ne ya fara taɓa ainihin maganar. Boliyam mai juyin digiri 270 in ka raba shi gida 1024, kowace lamba kusan rubu'in digiri ce. Ga mai auna nisa irin HC-SR04, wanda sautinsa ke bazuwa wajen digiri 15, wannan ya isa har ya yi yawa. Inda zan ja da Baba wuri biyu ne. Na farko, boliyam yana da bango a kowane gefe. Ranar da manhajar ta rikice moto ya ci gaba da turawa, ko dai boliyam ya karye ko giyar moto ta ci. Na biyu, a cikinsa ɗan harshen ƙarfe ne ke goga gawayi. Rediyo sau nawa ake murɗa shi a yini? Kan da zai wuni yana dama da hagu kuwa, wurin da ya fi bi zai siɗe, lambobi su fara tsalle.

Malam Habu Mai Rediyo:
In ya siɗe a canza wani, 'yata. Kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba.

Nura Panteka:
Ku ba ni dama. Sadik, kafin ka sayi komai ka leƙa wurin masu gwangwan ka nemi mataccen firinta mai tawada. Mu nan Kaduna ina yawan kwance su. A ciki za ka samu wani faifan roba garai-garai mai ƙananan layuka baƙaƙe a bakinsa, da wata 'yar baƙar na'ura mai tsaga da faifan ke ratsawa. Haske ke fita ta gefe ɗaya, ɗaya gefen na karɓa. Wayoyi biyu ke fitowa, A da B. Wadda ta riga tashi ita ke nuna ko dama ake yi ko hagu, yawan tashin kuma shi ne nisan juyin. Ga moto mai kyau, ga bel, ga sandar ƙarfe miƙaƙƙiya, duk a cikin firinta ɗaya. Ka haɗa A da B a ƙafa ta 2 da ta 3 na Uno, su kaɗai ne aka ware wa katse aikin allo nan take idan sigina ta shigo.

Isufu Maraɗi:
Nura, abin naka yana da kyau, na yi aiki da shi. Amma bai amsa tambayar yaron ba. Faifan nan ƙirga yake yi, bai san farko ba. In kuran, wato wutar lantarki, ta tafi, ƙirgen ya tafi. Sannan ka tuna hunturu. Ƙura ta kwanta a kan layukan nan, hasken ya dushe, ya fara tsallake wasu. A cikin firinta rufe yake, a wuyan mutum-mutumi kuwa a fili.

Nura Panteka:
Ai ana yi masa gida. Ka sa ɗan makunni mai harshe a wuri ɗaya, ko sensar A3144 mai jin maganaɗisu, da ɗan maganaɗisu a jikin kan. Duk lokacin da aka kunna, kan ya juya a hankali har ya taɓa wurin, ya ce nan ne sifili, ya fara ƙirga. Firintar kanta haka take yi, ba ka ji tana ƙugi tana kai kan tawada gefe in an kunna ta ba?

Sadik Ɗorayi:
To in haka ne ai ko faifan ba na buƙata. Makunnin kawai zan sa, moto mai taku ya ci gaba da ƙirga takunsa.

Injiniya Maryam:
Nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, ƙanena. Makunnin zai magance ɗauke wuta, amma ba zai magance ƙanenka ba. Moto mai taku kamar mutum ne da ya rufe ido yana ƙirga taku daga ɗaki zuwa zaure. In wani ya riƙe masa riga yana ta ɗaga ƙafa a wuri ɗaya, shi a lissafinsa ya isa. Arduino ba takun da kan ya yi yake ƙirgawa ba, umarnin da ya aika yake ƙirgawa. An riƙe kan, umarni 300 sun tafi a banza, babu wanda ya sani sai an sake kunnawa.

Akwai kuma abu biyu game da 28BYJ-48 ɗin. Giyoyinsa na da wasa. Ka kama sandarsa da yatsa ka girgiza, za ka ji tana motsi kaɗan alhali moton bai motsa ba. Duk lokacin da ya sauya daga dama zuwa hagu, takun farko-farko wasan nan suke cikewa. Sannan kowa yana rubuta 2048 a matsayin zagaye ɗaya, amma da yawa daga cikinsu ragin giyarsu 63.68 ne ba 64 cif ba, wato wajen taku 2038. Bambancin taku goma a zagaye, kusan digiri biyu.

Saboda haka abin da nake gani shi ne: kada ka auna moto, ka auna kan kansa. Kuma ka auna shi da abin da ke faɗin kusurwa kai tsaye ba sai ya ƙirga ba. Boliyam ɗin Baba yana yin duka biyun. Abin da ke yin su ba tare da guga ko bango ba shi ne AS5600. Ɗan guntun allo ne, ka sa maganaɗisu a ƙarshen sandar da ke juyawa, shi kuma ya zauna a ƙarƙashinsa ba su taɓa juna ba. Yana raba zagaye gida 4096, kowace lamba ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na digiri. Da wayoyi biyu na hanyar sadarwar da ake kira I2C yake magana da Arduino, A4 da A5 a kan Uno, adireshinsa 0x36. Ƙura ba ta dame shi ba tunda ba da haske yake gani ba.

Ɗan Auta:
Lakca kyauta. Allah ya saka, Injiniya. Amma ni har yanzu ina kan sarbona.

Isufu Maraɗi:
Hajiya Maryam, na yarda da AS5600, amma akwai wurin da kowa ke cin karo. Maganaɗisun dole ya zauna a tsakiyar juyi daidai. Wayoyin da ke hawa kai su ma tsakiyar suke so, domin nan ne kaɗai ba sa murɗewa sosai. To wa zai bar wa wani? In ya sa zoben nan mai ba wayoyi damar juyawa, shi ma tsakiya zai zauna.

Injiniya Maryam:
Tambaya ke nan. Hanya uku na sani. Ta farko, a bar wa wayoyi tsakiya, a yi wuyan da bututu. Sai a ɗaura wani ɗan fuli a gefe da bel mai haƙora irin GT2, maganaɗisun ya zauna a kan fulin gefen. Sharaɗi ɗaya: haƙoran fulin biyu su zama daidai. In na wuya 60 ne na gefe 20, to kan ya yi zagaye ɗaya sensa ta yi uku, lamba ɗaya ta zama tana nufin wuri uku, an koma gidan jiya. Ta biyu, a bar wa maganaɗisu tsakiya, a hana kan cika zagaye, misali 170 dama 170 hagu, wayoyin a ba su tsawo su yi lanƙwasa a cikin ƙirji. Ta uku, kada waya ta hau ko ɗaya. ESP32-CAM ɗin da batir 18650 nasa su zauna a cikin kan, hoton ai ta Wi-Fi yake fita.

Malam Habu Mai Rediyo:
Ta biyun zai bi in yana jin magana. Wane ne ke buƙatar kai mai zagayawa ba iyaka? Digiri 340 ai ya ga bayansa. Kuma Sadik, kada ka kuskura ka ɗora nauyin kan a kan sandar moton nan, siririya ce, giyoyinta roba. Ka samu boris, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye a ciki da sanda ke juyawa a kansa. Na fankar sama ma ya yi, 6202, ko'ina akwai shi a wurin masu gyaran fanka. Boris ya ɗauki nauyi, moto ya ja da bel kawai.

Nura Panteka:
In 6202 ya yi maka girma ka nemi 608, raminsa milimita 8 ne, kusa mai lamba 8 na shiga daidai.

Sadik Ɗorayi:
Na gode ƙwarai. Zan bi ta biyu da 608. Na yi odar AS5600, in ya iso zan dawo.

Bashir Admin:
Masu turo tallan data a tsakiyar muhawara, na goge. Wanda ya sake zan fitar da shi.

Sadik Ɗorayi:
Salam. Kaya sun iso, na haɗa. Allon ya zo ba maganaɗisu a cikin ledar, sai na cire na wata tsohuwar sifikar kunne na manna a kan kusar. Amma lambobin hauka suke yi. Ina juya kan a hankali, sai in ga 1200, 1190, 3400, 800. Wani lokaci na juya rabin zagaye lambar ba ta motsa ba. Ko jabu aka turo min?

Ɗan Auta:
Da sarbo ne da yanzu kana barci.

Injiniya Maryam:
Allonka lafiyarsa ƙalau, maganaɗisun ne bai dace ba. Na sifika arewarsa a fuskar sama take, kudunsa a fuskar ƙasa. In ka juya shi a kan sandarsa, sensar fuska ɗaya take ta gani, babu abin da ya canza a wurinta. Wanda ake buƙata an raba shi ne ta faɗinsa, rabin da'irar arewa rabin kudu, yadda in ya juya layin ƙarfinsa ma zai juya. A ido ba ka bambance su, duk farare ne masu sheƙi.

Ga yadda za ka gwada. Buɗe manhajar duba alƙibla a wayarka, ka ajiye ta a tebur. Ka kwantar da maganaɗisun a gefenta, tazarar kamar taƙi ɗaya, kada ka manna shi a jikin wayar. Sai ka juya shi a kwance yadda zai juya a wuyan. In allurar ta bi shi tana kaɗawa, shi ne. In ta tsaya ƙyam a wuri ɗaya, ba shi ba ne.

Isufu Maraɗi:
In bai samu mai da'irar ba, ƙaramin maganaɗisu mai kusurwa huɗu daidai wa daida yana yi. Sai ya kwantar da shi ta gefe, arewa ta kalli dama kudu ta kalli hagu. Ba zai kai na asalin daidaito ba, amma ga kan mutum-mutumi ya wadatar.

Injiniya Maryam:
Haka ne. Sai kuma abu biyu. Ka ce a kan kusar ka manna shi, kusar ta baƙin ƙarfe ce ko? Tana janye ƙarfin maganaɗisun tana karkatar da shi. Ka sa wani abu tsakaninsu, guntun roba ko katako mai ɗan kauri, ko ka nemi kusar tagulla. Sannan tazara tsakanin maganaɗisu da ɗan baƙin guntun da ke tsakiyar allon ta zama milimita 1 zuwa 2, kada ta wuce 3. Ba sai ka yi ta canke ba, guntun da kansa yana faɗa. Akwai wurin da ake karanta halin da yake ciki, zai ce maka ya ga maganaɗisu, ko ya yi rauni, ko ya yi ƙarfi da yawa. Ka buga wannan a allon kwamfuta kana matsar da shi har ya ce daidai, sannan ka sa aradait.

Malam Habu Mai Rediyo:
Ka tabbatar ya zauna a tsakiya kafin gam ya kama. Ka juya kan kana kallon maganaɗisun ta gefe. In yana rawa kamar tayar da ta lanƙwashe, gyara. Boliyam dai ba ya neman duk wannan lallashi, amma ku ci gaba.

Sadik Ɗorayi:
Alhamdu lillahi! Na samu mai kusurwa huɗu a wurin wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, na gwada da alƙibla kamar yadda Injiniya ta ce, allurar ta bi shi. Yanzu lamba na tafiya sumul daga 0 zuwa 4095. Na kashe na kunna, na juya da hannu yana kashe, duk yana faɗin daidai. Sai dai sabuwar matsala: gaban mutum-mutumin ya faɗo a wajen 4050. In na ce ya ɗan juya dama kaɗan, lambar ta tsallaka ta koma 20, sai ya ɗauka ya yi nisa, ya kwasa da gudu ta ɗaya gefen. Saura kaɗan ya sake tsinka wayoyin. Kuma ko ya isa inda aka aike shi ba ya tsayawa cak, sai ya yi ta ɗan karkarwa.

Isufu Maraɗi:
Wannan sananne ne. Ka ɗebe inda yake daga inda kake so, ka ƙara 6144, ka ɗauki ragowar rabawa da 4096, ka cire 2048. Amsar kullum za ta faɗo tsakanin -2048 da 2047, alamarta ta gaya maka gefen da ya fi kusa. Sai dai a Uno ka sa lambar a nau'in long, mai ɗaukar manyan lambobi, don kwanciyar hankali.

Injiniya Maryam:
Malam Isufu, lissafinka daidai ne ga kan da ke zagayawa ba iyaka. Amma na Sadik wayoyi ne a wuyansa. In yana 160 dama aka ce ya tafi 160 hagu, hanya mafi kusa ita ce ta ƙeya, digiri 40 kacal, kuma ita ce hanyar da aka hana shi. Lissafinka zai bi da shi ta can.

Sadik, ka yi amfani da lissafin Malam Isufu amma a wani wurin daban. Ka daidaita fuskar tana kallon gaba sosai, ka rubuta lambar da ka gani, a ce 4050. Duk karatun da ka yi, ka cire 4050 daga ciki sannan ka bi da shi ta lissafin nan. Yanzu gaba ya zama 0, gefe ɗaya lambobi masu ƙari, ɗayan masu ragi, wurin tsallen kuma ya koma ƙeya inda kan ba ya zuwa. Daga nan ragi na yau da kullum ya ishe ka. Ka kuma sa iyaka a manhajar: duk umarnin da ya wuce 1930 ta kowane gefe a yanke shi, wannan shi ne kusan digiri 170.

Isufu Maraɗi:
Na karɓa, ban kawo wayoyin a lissafi ba. Amma ni da zan ƙara masa kusa guda a jikin katakon ta tare kan a ƙeya. Manhaja na iya rikicewa, kusa ba ta rikicewa.

Nura Panteka:
Batun karkarwa kuma, kana neman ya tsaya a lamba ɗaya tak ne, alhali wasan giyar ya fi lamba ɗaya faɗi. Ya wuce, ya dawo, ya wuce. Ka ba shi sarari: in bambancin bai kai 6 ba, wajen rabin digiri ke nan, ya yi shiru. Kuma in ya tsaya ka kashe duk ƙafafu huɗu na ULN2003. Moton zai daina zafi, batir zai huta, kuma tunda yanzu akwai mai kallon kan, ko an ture shi zai gani ya gyara.

Malam Habu Mai Rediyo:
Kuma kada ka ja wutar moton daga ƙafar bolt 5 ta Arduino. Ka ba shi tasa daban, ka haɗa ƙasansu wuri ɗaya, ka sa kondensa mai mikrofarad 470 a bakin allon moton. Wayoyin sensar ka gajarta su, kada su kwanta a kan na moto.

Sadik Ɗorayi:
Duk na yi. Ga bidiyo nan. Na kira ƙanen nawa na ce ya riƙe kan. Ya riƙe, moton ya yi ta ƙara, yana saki kan ya koma inda aka aike shi. Na ƙara da cewa in lamba ba ta canza ba tsawon daƙiƙa biyu alhali moto na aiki, ya haƙura ya tsaya, kada giyar ta ci. Yanzu ina so in ƙara masa ɗaga kai sama da ƙasa. In sayi AS5600 na biyu in jona a wayoyin guda?

Ɗan Auta:
Sama da ƙasa ai bai fi digiri 60 ba. Yanzu dai a bar ni in faɗa: sarbo.

Injiniya Maryam:
A wannan karon Ɗan Auta ya yi daidai, ƙaramin sarbo SG90 ma zai iya in abin da zai ɗaga kyamarar ce kawai ba dukan bokitin ba. In kuwa ka nace sai AS5600, ka sani ba za su zauna a waya ɗaya ba, domin dukansu 0x36 suke amsawa kuma ba a canza musu. Ko ka sa TCA9548A a tsakani ya riƙa zaɓar wanda za a yi magana da shi, ko na biyun ka bar I2C ɗinsa, ka ɗauki ƙafarsa mai suna OUT ka kai A0 ka karanta shi kamar boliyam.

Malam Habu Mai Rediyo:
To in kamar boliyam za a karanta shi, Sadik, ka biyo ta shago gobe bayan azahar. Ina da B10K a cikin gwangwani, ka zo da kan in ga inda za mu ɗaure shi.